Soson da Ke Cikin Jakarki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Sakina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin yi salla, kin sa wani abu a cikinki. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ki da abokan zama nagari a can jami'a. Babanki yana gaishe ki. Kin san shi, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu, amma kwana uku ke nan yana ware manyan tarwaɗa daga kamunsa don a yi miki banda.

Na cusa takardar nan a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kifin, don na san ba za ki kai hannu wurin ba sai kin isa. Kusa da ita za ki ga wani tsohon soso a leda. Kada ki yar da shi, kada kuma ki ce Inna ta fara rikicewa. Zan zo kansa. Ki yi haƙuri da rubutuna, bokon yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi. Yau kin tafi Kende yi wa gwaggonki sallama, gida ya yi shiru, shi ya sa na samu zama tun hantsi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, babu abin da ba ki sani ba. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Shekaranjiya, kina ninke kayanki, kika ce da kin isa za ki shiga ofishin malamarki, ki gaya mata kin lalata tantanin tacewar da ta ba ki aro, ki cike fom ki sauya aikin bincikenki. Kika ce kin gama da tarkacen kifi, ba za ki ƙara tsayawa a bakin gulbi a yi miki dariya ba. Yanzu ga amsata: ban yarda ba. Kada alƙalaminki ya taɓa fom ɗin nan sai kin karanta wannan takarda har ƙarshe.

Ba da wa'azi zan riƙe ki ba, ni ba malama ba ce. Abin da na mallaka kurakuraina ne, kuma Allah ya hore mini su da yawa. Zan zazzage miki su, ki tsinci abin da za ki tsinta.

Lokacin da aka kawo ni gidan babanki, abin da na tarar ana yi a bakin gulbi shi ne wanda kika tashi kika gani. A feɗe kifi, a cire kayan ciki, in babba ne irin giwan ruwa a datse kai a zare ƙashin baya, a kankare, a wanke, sannan a kwashe wannan duka har da ruwan wankin a watsa a gulbi. Tsofaffi suna cewa rabon ruwa ne, wanda ya ba ka sai ka mayar masa da kaɗan. Ban taɓa tambaya ba. To akwai wata mata, Hawa, cikin Dandawan ƙetare, can ɓangaren Benin, da take tsallakowa a kwalekwale da tsofaffin bokitai biyu. Ba kifi take saye ba. Durƙusawa take yi tana tsince kawuna da kitsen ciki kafin mu zubar. Ni na laƙa mata suna Angulu. Ni ɗin nan, uwarki. Da na hango ta sai in ɗaga murya in ce, "Ku kauda kayanku, ga angulu ta sabka!" Mata su kwashe da dariya, ni kuma in ji kaina ya yi girma.

Sau ɗaya tak ta taɓa mayar mini. Ta ɗago ta dube ni, da Hausarta mai gargada ta ce, "Amarya, ke kina zubarwa, ni ina ɗauka. Mai wayon cikinmu, Allah ya san shi."

Bayan shekaru na tsallaka can wajen wani suna, aka kawo mana tuwo da miyar da har yau ban manta ɗanɗanonta ba. Na tambayi uwar gida abin da ta sa. Ta ce man kifin Hawa ne da garin kawunan da take busarwa tana dakawa, duk garin wurinta ake saye. Ta nuna mini 'ya'yan Hawa a cikin taron, samari da 'yan mata tubarkalla, kowa a murje. Na ci na ƙoshi da abin da na zubar da hannuna. Kunya ta hana ni zuwa in gaishe ta, na ce sai wani zuwan, kafin wani zuwan ta rasu.

Don haka dariyar bakin gulbi na san ta ciki da waje, don ni ma na yi ta. Ba hukunci ba ce, Sakina. Mai yin ta ba ta auna komai ba, so take kawai kada a bar ta a baya in ana dariya. In kika ɗauki wannan kika ɗora a kan aikin shekara biyu, kin ba ta girman da masu yin ta ma ba su ba ta ba. Su da yamma ta yi sun manta, sun koma kan zanin wata.

Kuskure na biyu na wuta ne. Wata shekara da ruwa ya janye aka yi kamu mai yawa, babanki yana shigowa da kwalekwale har baki. Na ƙudura sai na riski kasuwar Dole Kaina da kayana duka. Bandar da ake yi kwana uku na ce zan yi ta cikin yini ɗaya da rabi. Na labta itace, wuta ta tashi, kifi ya yi baƙi yana sheƙi, gwanin kyau. Kakarki ta wajen uba ta leƙo ta ce, "Ɗiyar nan, banda da hayaƙi aka yi nata, ba da halshen wuta ba." Na ce to, a raina ina cewa tsohuwa ba ta san kasuwa ba. A kasuwar wata mai saye ta ɗauki tarwaɗa ɗaya ta karya a gabana. Waje ya ƙone, ciki ɗanye, har tsutsa ta fara. Ta ajiye ta share hannu a zaninta ta wuce. Kwanduna shida na dawo da su, na juye su a gulbi da kaina.

Da zan ce miki daga ranar na koyi haƙuri, da na yi ƙarya. A kan kifi na koya. A kan sauran al'amura har yau hannuna ba ya iya ganin abu yana tafiya a hankali ya ƙyale shi. Ke ma kin ɗauko wannan jinin, na gani, don gwaji ɗaya ya ƙi kika ce an gama. Ki yi faɗa da shi tun da ƙuruciya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na uku, kafin yau ban taɓa ba kowa labarinsa ba, ko babanki ba mu taɓa zama mun yi shi ba.

Kin san kina da wa da ya rasu kafin a haife ki. Iyakar abin da kika sani ke nan, don shi ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi, har ina alfahari da cewa na fi sa'o'ina kunya. Da na yaye shi, kunun gero na dinga ɗura masa safe da rana da yamma. Kifi mai tsoka na kasuwa ne. Ƙananan kuwa ƙaya gare su, ana tsoron ta maƙale wa yaro. Kuma manya suna cewa in ka saba wa yaro da kifi ko ƙwai zai tashi da kwaɗayi, daga kwaɗayi sai sata. Yaron yana zaune kusa da murhun banda, ƙanshi yana dukansa, ya miƙo hannu in buge.

Gashinsa ya fara yin ja yana laushi. Kumatunsa da ƙafafunsa suka cika, mata suna cewa yaro ya yi ƙiba, kunu ya karɓe shi. Ya daina wasa, ya daina ko kuka mai ƙarfi. Zuciyata tana gaya mini ba lafiya ba, kunya tana cewa in kika saɓa shi kika ruga asibiti za a ce ga marar ta-ido da ɗan fari. Sai da fatar ƙafarsa ta fara saɓulewa muka kai shi asibitin Bagudo. Malamar asibitin ta danna babban yatsanta a ƙafarsa, ta ɗauke, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce tamowa ce, rashin abinci mai gina jiki. Tana rubutu ta tambaye ni sana'ata. Na ce bandar kifi. Ta dakata da rubutun ta ɗago ta dube ni. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma mun makara, kwana biyar ya yi.

Na san kwanansa ne ya ƙare, Wanda ya ba ni shi ne ya karɓi abinsa. Amma ni na san abin da hannuna ya buge. Na san kuma cewa a shekarar da yake kumbura a gabana, kullum sai na watsa wa gulbi abin da ya ishi yara goma. Wannan baƙin cikin bai taɓa barina ba, na dai iya zama da shi. Ku da kuka biyo baya da yatsuna nake murje muku kifi ina tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, a ɓoye cikin ɗaki, kuma ba wanda ya zama ɓarawo a cikinku. Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Duk inda kika ga kunya ta tsaya tsakaninki da abin da ya kamata, ki ture ta. Kunya ado ce, amma ba a bakin rai ba.

Yanzu sai ki gane abin da ya same ni ranar Talata, da kika yi gwajin farko a tsakar gida, daga ni sai ke. Na zauna ina kallonki kamar ba ni na haife ki ba. Kika ware kawuna da ƙashin baya da fata daga kayan ciki, kika ce kayan ciki saurin lalacewa gare su, aikinsu daban. Kika markaɗa, kika ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina duba zafin, kika kwashe man da ya taso, kika tace da farin yadi har sau biyu. Sannan kika ɗauko tantanin nan, fari, shafal kamar takarda, kika shimfiɗa shi cikin gidansa na ƙarfe kika ɗaure, kika haɗa tiyo da ɗan famfon da batir ke juyawa. Kika ce ƙofofinsa ido ba ya ganinsu, ruwa da gishiri su wuce, abin da ake nema ya yi musu girma, sai ya tsaya a baya.

Na ce a raina, yau ga rariyar da ba ta da huda. Ruwa ya dinga ɗiga ɗis, ɗis, garau kamar na rijiya, har na ƙosa na tashi na duba murhu na dawo. Can da la'asar kika buɗe kika nuna mini abin da ya rage, mai kauri, kalar madarar waken suya, ƙarninsa kaɗan. Kika ce wannan shi ne furotin, in an busar da shi gari yake zama, babu ƙaya ko ɗaya, cokali guda a kunun yaro ya yi masa aikin kifi. Kika ja mini kunne cewa ba za a ba kowane yaro ba sai an kai ɗakin gwaji an tabbatar babu cuta a ciki. Na ce miki ban san furotin ba, ki yi mini da Hausa. Kika ce, "Abin gina jiki, Inna." Kalmomin malamar asibitin nan ne, ba ragi ba ƙari. Na tashi na koma bayan murhu, da kika biyo ni na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

To ga maganar soso.

Ranar Laraba kin tafi Bagudo neman ƙanƙara da cajin batir, don washegari za ki nuna wa matan banda aikin. Kin bar tantanin jiƙe cikin farar roba da wani ruwan magani, kin rufe da faranti. Ina shara na buɗe in gani. Na sa yatsa na ji santsi. Na tuna yadda ya yi ta ɗiga kamar mai jin barci, na tuna kin ce maiƙo yana toshe shi. Na ce gobe ƙawata Ige za ta zo, ita da ba ta iya jiran tukunya ta tafasa, in abin nan ya tsaya yana ɗis-ɗis za su watse kafin a ga komai. Kuma in wata ta taɓa ta ji santsin nan za a ce ɗiyata ƙazama ce. A gidana duk rariyar da ta toshe maganinta ɗaya, soso da toka. Shekara talatin ban ga wadda ta gagare su ba.

Na ɗebo toka mai laushi, na zauna na dirje shi ciki da baya, har da bin gefe-gefe. Na ɗauraye. Na shanya shi a kan zana ya sha rana ya bushe ƙayau. Sannan na mayar da shi cikin robar na rufe da farantin yadda kika bari. Ya yi fari tas. Wallahi da daɗi na yini, ina jin na yi wa ɗiyata abin da bokonta bai koya mata ba.

Sauran kin sani, amma ba ki san shi daga inda nake tsaye ba. Ranar Alhamis mata suka taru a inuwar bakin gulbi. Kika kunna famfo, ruwa ya tsinke ta tiyo shaaa. Ni har na zunguri Ige, ƙawata tun muna amare, na ce, "Kin gani ko?" Sai na dubi fuskarki na ga ta canja. Abin da ke fita gurɓatacce ne, daidai da abin da ya shiga. Kika kashe, kika buɗe, babu abin da ya tsaya. Ige ta tafa hannu ta ce, "Wanga shi na abin da anka tara mu mu gani? Ruwa ya shiga, ruwa ya hita! Shekara nawa kina boko, ɗiyan nan, ki dawo kina tatar ruwan wankin kihi?" Aka kwashe da dariya. Irin dariyar da na koya wa bakin gulbin nan ce, ranar ta dawo gidana.

Da muka koma gida kika ɗaga tantanin a rana kina juya shi. Kika ce fuskarsa ta fi tantanin ƙwai laushi, ko farce ya karce ta an gama, kuma ba a taɓa barinsa ya bushe. Kika juyo kika ce, "Inna, ko wani ya taɓa abin ga?" Na ce, "Wa za shi taɓa maki kaya?"

Ƙarya na yi miki, Sakina. Ni na taɓa. Ni na lalata shi, da wannan soson da ke cikin jakarki.

Na zauna ina jinki kina lissafa laifin kanki. Ko kin matsa wa famfo da yawa ranar Talata. Ko zafin mota ne ya ɓata shi tun a hanya. Ko ba ki kwashe mai da kyau ba. Daga nan kika ce wataƙila abin nan ba na irin wurinmu ba ne, na masu ɗakin sanyi ne, ke ce kika yi wauta da kika ɗauko shi. Kowace kalma tana sukana, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoro nake ki dube ni irin kallon da malamar asibitin nan ta yi mini. Kwana uku ina dafa miki abin da kike so, wai ko zai biya. Garin gyaran gira na tsone miki ido, sannan na bar ki kina neman wanda ya tsone ki a cikin madubi. Lalata tantanin rashin sani ne, shi Allah zai yafe mini cikin sauƙi. Shirun shi ne laifin, kuma shi nake roƙon ki yafe mini.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ke ma ga naki. Kin nuna mini abin da tantanin ke yi, ba ki gaya mini abin da ba ya so ba. Kin rufe shi da faranti kin tafi, kamar faranti ya taɓa hana ni buɗe wani abu. In kina son aikin nan ya zauna a bakin gulbi, ba a ɗakin gwaji kaɗai ba, to hannuwa irin nawa ne za su riƙe shi, hannuwan da suka saba da dirza da kankara. Ki koya mana wankinsa kafin ki koya mana amfaninsa. Ki gaya mana dalili, kada ki ce kar a taɓa kawai, don mu in ba mu ji dalili ba sai mun gyara. Ki rubuta wannan a cikin littafin bincikenki ma, ina ganin ya cancanci shafi guda.

Yau da safe, bayan kin hau babur ɗin Kende, na ɗauki soson na nufi wurin banda. Mata suna tsakiyar fiɗa. Na tsaya a inda kika tsaya ranar Alhamis na ce su saurara. Na faɗa musu duka, da tokar, da shanyar, da ƙaryar. Na ce ranar Talata na ga abin ya yi da idona, na taɓa shi da yatsana.

Ige ta saki wuƙa ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke dai anka yi tsohuwar banza! Kayan Turawa kika ma toka? Ashe ba ɗiyar ta kasa ba, uwar ta wanke mata ilimi." Aka yi dariya, kuma a kaina aka yi ta, na tsaya na shanye abina. Ban mutu ba, ga ni ina rubutu.

Da aka lafa na ba su labarin yayanki da ya rasu. Yawancinsu ba su sani ba, waɗanda suka sani sun ɗauka iska ce ta taɓa shi. Ina haɗa kwanukana Ige ta biyo ni har bayan murhu, ta rage murya ta ce jikanyarta da aka yaye da damina gashinta ya fara ja, ita ta ɗauka gadon dangin uban ne. Na ce mata ba gado ba ne, gobe ba jibi ba mu kai ta asibiti, ni zan raka ta. Kafin in zauna rubutun nan sai da na murje tarwaɗa guda na tsince ƙayar na kai musu aka dama a kunu. Yarinyar ta sha. Yatsuna za su iya wa yaro ɗaya ko biyu, Sakina, amma ba za su iya wa yaran bakin gulbin nan duka ba, daga nan har ƙetare. Shi ya sa nake son garin nan naki.

Na roƙi matan su riƙe maganar har motarki ta tashi, don ina son ki ji ta daga gare ni. Ban san ko bakin Ige zai kai gobe ba. Mun kuma yi magana a kan abin da kika roƙe mu tun farko muka yi biris. Mu biyar mun yarda, in kin sa ranar dawowa za mu ware kawuna da ƙashi a roba mai tsabta, daban da kayan ciki, a inuwa, da ƙanƙara in an samu. Na ce musu gulbi ya ci rabonsa shekara da shekaru, ba zai yi fushi ba don yara sun karɓi nasu.

Ga abin da nake so ki yi. Ki shiga ofishin malamarki kamar yadda kika yi niyya. Ki ajiye mata tantanin, ki ajiye soson kusa da shi. Ki gaya mata gaskiya, cewa ranar farko ya yi aiki, rana ta biyu uwarki ta yi masa wankin rariya. In ba ta yarda ba ki ba ta wannan shafin ta karanta, ko ki kira ni ki ba ta wayar, zan maimaita mata da bakina. In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai, kayanta ne, tana da gaskiya. In ta yi dariya ki bar ta ta yi, na ga ba ta kisa. In ta gama, ki roƙe ta wani tantanin. In ta ce babu, ki tambaye ta inda ake samu da abin da ake yi a samu, ki bi hanyar ko da za ta ɗauki shekara. Ban ce miki lallai abin zai yi nasara ba, wannan sanin Allah ne, kuma ke kika san wahalarsa fiye da ni. In kin gwada shi da gaskiya ya ƙi, ki bar shi da hujja, ni zan fara cewa kin yi ƙoƙari. Amma ba za ki bar shi saboda sosona ba. Wannan kam ban yafe ba.

Na san abin da ke miki nauyi. Kunyar komawa ki ce a ƙara miki bayan an ba ki kin dawo da shi a lalace. Na san nauyinta sarai, ni da na biya ta da abin da na biya. Yau na karya guda a gaban matan gari, yanzu zan karya ta biyu a gabanki. Wanki sunansa Umaru. Shekara ashirin da tara sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ga shi na rubuta shi da hannuna, kuma na faɗe shi a fili ina rubutawa. Umaru. Yana son ƙanshin kifin ƙurungu in yana kan wuta.

Ni na yi biyu a yini ɗaya da tsufana. Ke guda ɗaya ce a gabanki, kuma ƙofar ofis ce kawai. Ki ƙwanƙwasa.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sanya tausayinki a zuciyar malamarki, ya buɗe miki abin da ya toshe, ya yi wa aikinki albarka. Allah ya jiƙan Hawa, ya jiƙan Umaru, ya raya mana waɗanda ke hannu. In kin karanta ki kira ni ki yi mini faɗan da na cancanta, zan saurara ba zan katse ki ba. Farar robar tana nan na kife ta a kan rumbu tana jiranki, kuma ko ƙura ta yi ba zan wanke ba sai kin zo kin nuna mini yadda ake yi.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.